Yadda Ake Gane Kuskuren Bugu a Jikin Kuɗin Ƙarfe da Ƙiyasta Darajarsa

Gidajen buga kuɗi suna fitar da sulalla miliyoyi a kowace shekara, wasu ma biliyoyi, kuma duk da tsananin tantancewar da ake yi kafin kuɗin su fita, akan samu 'yan kaɗan da suka kuɓuce da aibi a jikinsu suka shiga hannun jama'a. Masu tara sulalla suna neman irin waɗannan ruwa a jallo, har wasunsu kan biya kuɗi mai yawa a kan kwandala ɗaya. Sai dai mafi yawan sulallan da mutum zai gani da wata baƙuwar siffa, lalacewa ce ta same su bayan sun bar gidan bugu, kuma galibi lalatacciyar kwandala ba ta wuce darajar da aka rubuta a jikinta. Saboda haka duk aikin ya rataya ne a kan tambaya guda: shin injin da ya buga wannan kwandala zai iya haifar da abin da nake gani? Wanda bai san yadda ake buga kuɗin ba, ba shi da hanyar amsa wannan tambaya, don haka daga nan ya kamata a fara.

Ana soma aikin da dogon fallen ƙarfe da aka murje shi zuwa kaurin da ake bukata, sai inji ya riƙa huda shi yana fitar da ƙananan faifai marasa zane. Ana gasa faifan don su yi laushi, a wanke su, sannan a bi da su ta wani injin da yake matse gefensu har bakinsu ya ɗan tashi. Daga nan ɗanyen faifai yake faɗawa cikin wani zoben ƙarfe, hatimi biyu, wato ƙarafan da suke ɗauke da zanen kuɗin, su buge shi a lokaci guda, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, da ƙarfin da yake sa ƙarfen ya malala ya cika ramukan zanen. Zoben ne yake hana kwandalar bajewa, shi ne kuma yake yi mata tsage-tsagen da ake gani a gefen wasu sulalla. Su kansu hatiman daga wata uwar hatimi ake danna musu zane. Duk kuskure na gaskiya daga ɗayan wurare uku yake fitowa: ko daga faifan, ko daga hatimin, ko daga bugun kansa. Akwai ƙa'ida ɗaya da ta cancanci a haddace ta, wato duk abin da ya zama rami a jikin hatimi tudu yake fitowa a jikin kwandala, kuma duk abin da ya zama tudu a hatimi rami yake bari.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar gilashin ƙara girma mai ninka abu sau biyar zuwa sau goma, da ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da mayen ƙarfe, da ma'aunin faɗi, da fitila guda da za a haska ta daga gefe. Abin da ya fi su duka amfani shi ne lafiyayyar kwandala irin wadda ake bincike, ta ƙasa ɗaya da shekara ɗaya, domin a ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Ina ba da shawarar a guji na'urar da take ƙara girma fiye da kima, domin a ƙarƙashinta kowace kwandala cike take da ƙananan tabo, kuma aibin da ba a iya ganinsa da gilashi mai ninki goma da wuya a samu mai sayensa.

A fara da awo kafin a fara da ido

Nauyi shi ne shaidar da ta fi wuyar ƙaryatawa. Kowace kwandala tana da nauyi da faɗin da hukuma ta ƙayyade: yuro ɗaya giram 7.5 ne, yuro biyu giram 8.5, senti 25 na Amurka tun daga 1965 giram 5.67, alhali na azurfa da ya gabace shi giram 6.25 ne. Idan nauyin ya kauce sosai, akwai yiwuwar an buga zanen a kan faifan da ba nasa ba. Mafi shahara a wannan fanni shi ne senti ɗaya na Amurka na 1943. A waccan shekarar an koma buga shi da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, saboda ana bukatar jan ƙarfe a Yaƙin Duniya na Biyu, amma wasu faifan tagulla da suka rage daga 1942 sun shiga injin aka buge su da hatimin 1943. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka buga a gidan bugu na birnin Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Wannan farashi ya sa jabu ya yi yawa, kuma gwajin farko mai sauƙi ne. Na gaskiya yana da giram 3.11 kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi, na baƙin ƙarfe da aka shafa wa ruwan tagulla kuwa giram 2.7 ne kuma nan take yake mannewa. Idan ya tsallake wannan gwaji, sai a duba lambar 3 da kyau, domin akwai masu goge rabin lambar 8 ta shekarar 1948 su mayar da ita 3.

Dole ne kuma a san shekarun da ƙasa ta sauya ƙarfen kuɗinta da gangan, don kada a ɗauki sauyin doka a matsayin kuskure. Amurka ta mayar da sentinta daga tagulla mai giram 3.11 zuwa tutiya mai rufin jan ƙarfe, mai giram 2.5, a cikin 1982, saboda haka nauyin biyu duk daidai ne a waccan shekarar. Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne na 1983 da ya auna 3.11. Haka nan Birtaniya ta koma yin sulallan peni ɗaya da peni biyu (1p da 2p) da baƙin ƙarfe mai rufin jan ƙarfe a 1992, don haka kamawar da mayen ƙarfe yake yi wa na bayan wannan shekara ba abin mamaki ba ne.

Wani kuskuren faifai da ake yawan samu shi ne guntulewa. Idan fallen ƙarfe bai matsa gaba yadda ya kamata ba, injin hudawa yakan ci wani ɓangare na ramin da ya riga ya huda, sai faifan ya fito da gutsure mai lanƙwasa a gefensa. Kowa yana iya yanke gefen kwandala da kayan aiki, amma yankan hannu yana barin baki mai kaifi da ƙarfe mai sabon ƙyalli, kuma zanen yana tsayawa cak a wurin yankan. A na gaskiya, baki da haruffan da suke kusa da gutsuren suna dusashewa a hankali kamar suna gangarawa cikinsa, domin ƙarfen ya malala zuwa wurin da babu komai lokacin bugu. Sau da yawa kuma bakin da yake daura da gutsuren, a ɗaya ɓangaren, yakan fito a raunane, saboda injin tayar da baki bai samu abin da zai tokara ba a daidai wurin.

Aibin da yake jikin hatimi

A nan ne aka fi ruɗewa, a nan ne kuma ya kamata a fi daɗewa. Idan aka danna uwar hatimi a kan sabon hatimi fiye da sau ɗaya, kuma dannawar ta biyu ta ɗan kauce daga ta farko, zanen yakan fito biyu a jikin hatimin, kuma duk kwandalar da ya buga za ta ɗauki wannan ninki iri ɗaya sak. Senti ɗaya na 1955 da aka buga a Filadelfiya shi ne babban misali, inda shekarar da kalmar LIBERTY da rubutun IN GOD WE TRUST suka fito biyu-biyu har ana gani ba tare da gilashi ba, kuma an ƙiyasta cewa tsakanin dubu 20 zuwa dubu 24 ne suka shiga hannun jama'a. Matsalar ita ce akwai wani ninkin da ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba, wanda yake faruwa idan hatimi ya yi sako-sako ya ɗan zame a kan kwandalar bayan ya buge ta, kuma masu saye ba sa ƙara masa kuɗin a zo a gani.

Ga yadda ake bambanta su. A haska fitila daga gefe, a riƙa juya kwandalar a hankali ana kallon harafi ɗaya. A ninkin da ya fito daga hatimi, siffa ta biyu tana da tudu mai kumburi kamar ta farko, akwai ɗan tsagi tsakaninsu, ƙarshen haruffa yakan rabu gida biyu, kuma harafin gaba ɗaya ya fi na lafiyayyar kwandala kauri. A ninkin zamewa, siffa ta biyu a shafe take kamar matakala, ta fi ta farko ƙasa, tana da ƙyallin gogewa, kuma idan aka kwatanta za a ga cewa daga jikin harafin aka ci, wato ya sirance. Akwai kuma ninki na uku da tsohon hatimi yake haifarwa idan ya gaji da aiki, wanda yake bayyana kamar inuwa mai hazo tana janyewa zuwa bakin kwandalar, shi ma ba shi da wata daraja. Da yake ninkin gaskiya yana maimaita kansa, kusan duk wanda aka sani an riga an ɗauki hotonsa an sa shi a kundin masu tara sulalla. Idan abin da yake hannunka bai yi daidai da hoton ba ta kowace fuska, to ba shi ba ne, ko da shekarar ta zo ɗaya.

Hatimi yana tsagewa idan ya tsufa, sai ƙarfe ya shiga tsagar ya fito a matsayin siririn layi mai tudu. A nan ƙa'idar da aka ambata tun farko take aiki: layi mai tudu daga hatimi yake, layi mai rami kuwa karce ne. Ƙananan tsaga suna da yawa kuma ba su cika ƙara daraja ba. Wanda ake nema shi ne inda wani yanki na bakin hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, sai a ga dunƙulen ƙarfe marar zane manne da bakin kwandalar, sannan a bayansa, a ɗaya fuskar, zanen ya yi rauni. Wani lokacin ma'aikata ne suke wuce gona da iri wajen goge hatimi har wani sashe na zanen ya ɓace, kamar yadda ya faru da senti 5 na Denba na 1937, inda ɓaunan da yake jiki ya fito da ƙafa uku. Wani lokacin kuma ƙari ake samu, kamar ƙarin ganyen da ya bayyana a jikin masarar da take kan wasu senti 25 na jihar Wisconsin na 2004.

Kuskuren da na fi so mai farawa ya sa wa ido shi ne haɗin gambiza, wato a haɗa hatimi biyu da ba a yi su don juna ba, domin ganinsa ba ya bukatar gardama. A 2008 Birtaniya ta sauya zanen sulallanta, ta ɗauke shekara daga bayan 20p ta mayar da ita fuskar da take da hoton Sarauniya Elizabeth. Aka yi kuskuren haɗa tsohon hatimin gaba da sabon hatimin baya, sai kwandalar ta fito babu shekara ko ta wane ɓangare, kuma gidan bugu na Royal Mint ya ƙiyasta cewa waɗanda suka fita ba su kai 250,000 ba. A Ostireliya, an buga wasu dala ɗaya na 2000 da hatimin gaba na senti 10, wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, shi ya sa ake gane su da baki biyu a fuskar Sarauniya.

Abin da yake faruwa a lokacin bugu

Idan faifai bai zauna daidai a cikin zobe ba, zanen yakan karkace zuwa gefe guda ya bar wani yanki fili mai siffar jinjirin wata. A na gaskiya fuska biyun duk sun karkace tare, kuma gefen ba shi da tsage-tsage domin a wajen zobe aka buge shi. Idan fuska ɗaya ce kawai ta ɗan kauce, hatimi ne bai daidaita ba, kuma wannan ƙaramin abu ne. Idan zoben bai tashi ba sam, kwandalar takan baje ta fi 'yan uwanta faɗi, gefenta sumul, amma zanenta cikakke. Akan samu kuma kwandala ta maƙale a jikin hatimi ta buge faifan da ya biyo baya, sai ya fito da zane mai rami kuma a juye. Masu haɗa jabu suna kwaikwayon wannan ta hanyar matse sulalla biyu ko buga su da guduma, amma aikinsu yana barin ɗaya fuskar a daddanne, kuma rubutun da ya juye yana hawa ne a kan zanen da ya riga ya cika.

Harafi ko lamba sukan ɓace idan maiƙo da dattin inji suka cike raminsu a hatimi. Wurin yakan kasance sumul, babu alamar karce, nauyi kuma bai ragu ba. Kuskure ne na gaskiya, amma yana da yawa, saboda haka sai ya shafi babban yanki kafin ya yi kuɗi.

Kafin a ce bayan kwandala ya juye, a san tsarin ƙasar da ta buga ta. Sulallan Amurka sai an kifa su daga sama zuwa ƙasa bayansu yake fitowa a tsaye, na yuro da na Birtaniya na yanzu kuwa daga gefe zuwa gefe ake juya su. Rubutun da yake gefen yuro biyu yana iya fuskantar sama ko ƙasa, domin daban ake yin sa kafin bugu, kuma duka biyun daidai ne.

Yawancin abin da ya rage lalacewa ce. Kwandalar da ta daɗe tana juyawa a cikin inji takan fito da baki mai kauri da faɗin da ya ragu, abin da zoben bugu ba zai iya yi ba. Wadda aka jiƙa a asid takan sirance, ta yi sauƙi, zanenta ya yi dishi-dishi ko'ina. Wuta tana sa rufin kwandala ya kumbura, zama a cikin ƙasa yana sauya launi, kuma ruwan zinariya ko na azurfa da wani ya shafa daga baya ba ya ƙara komai.

Ƙiyasta daraja

Bayan an tabbatar da kuskuren, abubuwa uku ne suke yanke farashi: ƙarancinsa, da girman bayyanarsa, da lafiyar jikin kwandalar, sannan duk ukun suna ƙarƙashin yawan masu nema. Karkataccen bugu da ya kai kusan rabi amma shekarar tana nan cikakkiya ya fi wanda shekararsa ta ɓace, domin mai saye yana son sanin abin da ya saya. Kuskure iri ɗaya ya fi tsada a kan babbar kwandala ko tsohuwa fiye da ƙaramar da ake bugawa da yawa. Lafiyar jiki kuwa ana auna ta a kasuwanni da dama da ma'aunin da wani masanin sulalla Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70, kuma tazarar farashi tsakanin wadda ta sha hannu da wadda take da sheƙinta na asali tana iya ninkawa sau da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a wanke kwandala, ba a goge ta, ba a sa mata wani magani. Gogewa tana cire sheƙin da ba ya dawowa, kuma gwani yana gane ta da kallo ɗaya. A riƙe ta ta gefe, a sa ta ita kaɗai a cikin ma'ajin da aka yi don sulalla.

Farashin da ya kamata a dogara da shi shi ne wanda aka riga aka biya, a sakamakon gwanjo ko a jerin cinikin da aka kammala a shafuka irin su eBay, kuma a kwatanta da kwandala mai kuskure iri ɗaya da lafiya iri ɗaya, a cikin watannin baya-bayan nan. Kuɗin da mai talla ya rubuta ba hujja ba ne, domin kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ana tallar yuro biyu na Girka na 2002 mai harafin S a cikin tauraro da kuɗi masu yawa, alhali harafin yana nuna cewa a Finland aka buga shi ne, kuma miliyoyi aka buga. Haka ake yi da 2p na Birtaniya mai rubutun NEW PENCE, wanda shi ne rubutun da duk na 1971 zuwa 1981 suke ɗauke da shi, kuma na 1983 kaɗai ne kuskure. Ya kamata a lura kuma cewa farashin sabon kuskure yakan hau sama a makonnin farko sannan ya faɗo. Dala ɗaya mai hoton George Washington ta 2007 da ta fito babu rubutun gefe ta yi tsada da farko, amma da aka gano cewa dubun dubata ne suka fita, sai farashinta ya sauko sosai.

Idan ƙiyasin ya nuna kuɗi mai kauri, mataki na gaba shi ne a ɗauki hoto mai kyau na fuska biyu da gefe, a rubuta nauyi da faɗi, a nuna wa dillalai ko masana fiye da ɗaya, zai fi kyau a haɗa da wanda ba shi da niyyar saye. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, suna tabbatar da kuskure, su ba kwandala maki, su rufe ta a cikin ma'aji mai lamba, kuma manyan masu saye ba su cika biyan kuɗi mai yawa ba sai da irin wannan shaida. Sai dai akwai kuɗin tantancewa da na aikawa da na inshora, kuma a kan ƙaramin kuskure waɗannan za su iya zarce darajar kwandalar. A lissafa su tukuna, a cire ladan da dillali ko gidan gwanjo zai ɗauka, sannan a yanke shawarar ko za a aika ta ko za a sayar da ita yadda take.